KOGUNAN DA KE CIKIN TEKU DA DAMINARMU

'Yan'uwa manoma, yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Duk da haka ruwan da ke shayar da gonakinmu, mafi yawansa daga can iska take ɗauko shi. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke gudana a cikin teku, don ya shafi rumbunmu.

Ruwan teku ba a tsaye yake ba

A cikin teku akwai manyan koguna da ba su da gaɓa. Iska ce take tura su, juyawar duniya kuma tana karkatar da su, sai su riƙa bin gefen ƙasashe. Iri biyu ne. Waɗanda ke bin gabashin ƙasa suna kai ruwan ɗumi daga wuraren zafi zuwa wuraren sanyi. Waɗanda ke bin yammacin ƙasa kuwa ruwan sanyi suke kawowa.

Cikin masu ɗumi, wanda aka fi sani shi ne Galf Sitirim. Yana bin gabashin Amurka, sa'an nan ya nufi Turai. Ruwan da yake ɗauke da shi ya fi na dukan kogunan duniya in an haɗa su. Yana cikin dalilan da suka sa sanyin Ingila bai kai na gabashin Kanada ba.

Ɗumi da sanyi

Iskar da ke bisa ruwan ɗumi takan sha tururi, ta tashi sama, hadari ya haɗu. Wadda ke bisa ruwan sanyi tana da nauyi, ba ta tashi, sai hazo kawai.

Ga misali daga kudancin Afirka. Ta gabas, inda kogin ɗumi na Agulas yake wucewa, garin Darban yakan sami ruwa wajen inci 40 a shekara, ana noman rake. Ta yamma, inda kogin sanyi na Bengela yake bi, akwai wuraren da ba su samun ko inci ɗaya. Hamadar Namib ke nan, ga teku ga rairayi. Haka kuma kogin sanyi na Kanari yake taimakawa wajen busar da gaɓar Muritaniya.

Ina ya shafe mu?

Daminarmu tana tasowa daga tekun Gini, watau wanda ke kudu da Legas. Daga wajen watan Yuni ruwan sanyi yakan taso daga ƙarƙashin wannan teku. Teku ya yi sanyi, ƙasar arewa kuma ta ɗauki zafi, sai iskar damina ta yi ƙarfi ta kutso arewa. Shi ya sa a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano da Zariya, a Legas yakan ɗan sassauta.

Amma in tekun kudu ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, hadari yakan tsaya kusa da gaɓa, arewa ta rasa. Haka ya faru a 1984, shekarar da fari ya yi tsanani ƙwarai. A 1986 masana yanayi na Ingila suka nuna cewa shekarun fari a ƙasashen bakin Sahara sun zo daidai da lokutan da tekunan kudu suka fi ɗumi bisa ga na arewa. Ba teku kaɗai ke kawo fari ba, amma hannunsa babba ne.

Abin da ƙungiya za ta yi

Teku ba ya saurin sauya zafinsa. Don haka masana suna auna shi su kintaci yadda damina za ta kasance tun kafin ta faɗi. A Nijeriya hukumar NiMet tana fitar da wannan hasashe a farkon kowace shekara.

1. Ƙungiya ta sa mutum ɗaya ya nemi hasashen yankinmu a rediyo ko wurin malamin gona, ya karanta shi a taro kafin sharar gona.
2. In an ce damina za ta gajarta, mu tanadi irin gero, dawa da wake masu saurin nuna.
3. Kada mu zuba dukan irinmu a ruwan farko.
4. Ko an yi albarka, a bar wani kaso a rumbun ƙungiya.

Hasashe ba alkawari ba ne, wani lokaci yakan kuskure. Amma wanda ya ji gargaɗi ya shirya, ya fi wanda fari ya same shi da rumbu wofi.