Kasuwar hannun jari: me ya sa kamfanin da ya girma da sauri kan ba masu jari kunya?

Mutane da dama na ganin kamfanin da ke gina sabbin masana'antu, yana sayen wasu kamfanoni, shi ya fi dacewa a zuba wa kuɗi. Amma masu zaɓen hannun jari ta hanyar lissafi da kwamfuta sun daɗe da lura cewa sau da yawa akasin haka ke faruwa.

Ma'aunin da suke dubawa shi ne ƙaruwar kadarori: gine-gine, injuna, hajar da ke ajiye, tsabar kuɗi da bashin da kamfani ke bin mutane. Idan kadarorin kamfani sun tashi daga miliyar 100 na sefa zuwa miliyar 130 cikin shekara guda, sun ƙaru da kashi 30 cikin 100 ke nan.

A shekarar 2008, masana uku, Michael Cooper, Huseyin Gulen da Michael Schill, sun wallafa bincike kan kamfanonin Amurka daga 1968 zuwa 2003. Sun gano cewa hannun jarin kamfanonin da kadarorinsu suka fi kumbura ya kawo riba ƙasa da na waɗanda suka girma sannu a hankali. A 2015, Eugene Fama da Kenneth French sun sanya wannan ma'auni cikin tsarinsu mai ginshiƙai biyar na bayanin ribar hannun jari.

Masana na kawo dalilai uku. Na farko, wasu shugabannin kamfanoni kan faɗaɗa harka don neman suna, ko da sabon aikin ba zai mayar da kuɗinsa ba. Na biyu, masu saye kan ɗauka girman jiya zai ɗore, sai su sayi hannun jarin da tsada. Na uku, kamfanin da ke samun jari cikin rahusa shi ya fi zuba kuɗi, kuma rahusar na nufin ƙaramar riba ga mai jari. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.

Ga ƴan Nijar masu saye a kasuwar BRVM ta Abidjan, akwai buƙatar taka-tsantsan. Kamfanonin da ke cikinta ba su kai 50 ba, kuma da yawansu bankuna ne, irin su BOA Nijar. Binciken na 2008 bai haɗa da bankuna ba, waɗanda yawancin kadarorinsu bashi ne da suka bayar. Kafin saye, yana da kyau mutum ya duba rahoton shekara na kamfanin, ya ga ko ribarsa na tafiya kafaɗa da kafaɗa da girmansa.