Bishiyar Kirsimeti: Daga ina ta samo asali?

Duk ƙarshen shekara akan ga wata bishiya mai tsini a manyan kantuna da otal-otal, an yi mata ado da fitilu. Da yawa sun ɗauka tun zamanin Annabi Isa (AS) ake kafa ta, alhali babu ita a labarin haihuwarsa cikin Linjila.

Tushenta yana cikin hunturun Turai. A watan Disamba itatuwa kan kakkaɓe ganyensu, sai 'yan kaɗan irin su fir da ke zama kore shar ko da ƙanƙara ta rufe ƙasa. Tun kafin zuwan Kiristanci mutanen yankin suna rataye koren rassa a gidajensu, alamar cewa rai bai ƙare ba, bazara na nan tafe.

Sai dai bishiyar da aka sani yau a yankunan Jamusawa ta bayyana. A da can, kowace ranar 24 ga Disamba suna wasan kwaikwayon Adamu da Hauwa'u, inda ake rataya tuffa a jikin bishiyar fir a matsayin bishiyar Aljanna. Sannu a hankali ta shiga gidaje. Wani rubutu na 1605 daga birnin Strasbourg ya ambaci bishiyoyin da aka ƙawata da tuffa, da furannin takarda, da kayan zaƙi. Jajayen ƙwallayen da ake ratayawa yanzu, tuffar nan suka gada.

Abin da ya fito da ita duniya hoto ne. A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu kewaye da bishiyar. Nan da nan masu hali a Ingila suka kwaikwaya, Amurka ta biyo baya. A 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya sa mata fitilun lantarki a New York maimakon kyandir da ke yawan haddasa gobara.

Ma'anarta kuwa ta danganta da wanda ya kafa ta. Wasu Kiristoci na ganin alamar rai madawwami ce, wasu na ƙyamarta a kan cewa al'adar maguzawan Turai ce. Ita kanta fadar Vatikan sai a 1982 ta fara kafa ta a dandalin Saint Peter. Tarayyar Sobiyet ta hana ta, sannan a 1935 ta dawo da ita da sunan bishiyar Sabuwar Shekara, aka ɗora mata jan tauraro a ka.