Jirgin Wasa Mai Sauka Da Ƙugiya

A Sabonjida da ke Tamale mun saba ganin yara na ƙera jirgi da gwangwanin madara, kodayake na roba da muke sarowa daga Sin na neman kashe wannan ƙira. A Amurka kuwa har dattawa na yi, da injin gaske.

Matuƙi na tsaye riƙe da wayoyi masu tsawon kamar ƙafa 60, jirgin na kewaya shi. Zagaye 7 da gudu, 7 a hankali, sannan ya sauka kan dandamalin katako mai siffar jirgin ruwan yaƙi. Dole ƙugiyar wutsiya ta cafki igiyar da aka ɗaure da buhunan yashi, in ta kuskure maki 100 sun tafi. Sojojin ruwan Amurka ne suka riƙa karɓar baƙuncin gasar ƙasar daga 1948 zuwa 1972, suna zawarcin matasa.