Ko Kun Sani?

A cikin ƙwayoyin T na garkuwar jiki akwai furotin mai suna ZAP-70. Da zarar ƙwayar ta gane maƙiyi, shi ke kai labari ciki domin ta tashi tsaye. An gano shi a ɗakin binciken Arthur Weiss da ke San Francisco, Amurka, a farkon shekarun 1990. Don a gan shi, masana kan haɗa antibodi mai manne masa shi kaɗai, su ɗaura masa sinadari mai ƙyalli, sai ya haskaka a na'ura. Haka ake auna shi a jinin masu sankarar jini ta CLL, inda yawansa kan nuna ciwon zai yi saurin tsananta. Yaron da aka haifa babu wannan furotin kuwa, abin tausayi, cututtuka kan addabe shi tun yana goye.