Wa ke sa hannu kafin gwamnati ta sayi kwamfuta?

Duk ranar Juma'a bayan la'asar nakan bar makaranta in tafi Sa'alaba wurin gwaggona. Wanda ya san unguwar ya san da zarar an ji 'yar jami'a ta iso, sai wayoyi su fara taruwa a gabanta. Wannan igamarsa ta kusa ƙarewa a duba masa Absher, waccan tana neman izinin shiga Rauda a Nusuk. Ranar da nake magana a kai, wata maƙwabciyar gwaggo ce ta shigo, kwananta biyu da dawowa daga gida. Hutun wata ɗaya ta tafi, sai da ta yi kusan uku, duk a kan takarda guda da take nema a wani ofishin gwamnati. Kullum ta je sai a ce na'urar ɗaukar hoton yatsa ta lalace, ko kuma babu sabis. Sau biyu aka biya kuɗi daga nan aka tsawaita mata bizar fita da dawowa, kuma saura kaɗan ta rasa gidan da take aiki. Abin da ya fi ƙona mata rai, in ji ta, a barandar da suke bin layi akwai kwalayen sababbin kwamfutoci jibge, ko buɗe su ba a yi ba, har ƙura ta rufe su.

Gwaggo ta juyo ta dube ni. "Ke 'yar nan, ke da kike karatun aikin gwamnati, wai wa ke sayo musu injinan nan ne? Ba mai dubawa?"

Na ce, "Akwai masu dubawa, Gwaggo. Har ma sun yi yawa."

Ba wasa nake yi ba. A takarda, kwamfuta ba ta shiga ofishin gwamnatin tarayyar Nijeriya sai ta ratsa ƙofofi da dama. Tun 2007 akwai dokar sayen kayayyakin gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP. Dokar ta ce dole sayayyar ta kasance cikin kasafin kuɗi, a tallata ta a jaridu, 'yan kwangila su kawo farashinsu a rufe, a buɗe a bainar jama'a, a kuma gayyaci 'yan sa ido biyu daga waje, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyoyin farar hula. Ƙaramar sayayya shugaban hukuma ko babban sakatare ke sa mata hannu. Idan ta haura wani adadi sai kwamitin kwangila ya zauna. Idan ta ƙara haurawa sai BPP ta ba da takardar sahalewa, manya-manyan kuma sai sun je gaban majalisar zartarwa ta tarayya.

Kayan kwamfuta suna da ƙarin ƙofa tasu. Hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, wadda aka kafa a 2001, ita aka ɗora wa tantance ayyukan fasaha na ma'aikatu kafin a kashe kuɗi. An daɗe ba a damu da wannan ba, sai zamanin shugabancin Isa Ali Pantami, daga 2016 zuwa 2019, aka matsa, kuma a watan Agustan 2018 ofishin sakataren gwamnatin tarayya ya fitar da takardar umarni cewa kowace ma'aikata ta nemi izinin NITDA tukuna. Kashifu Inuwa Abdullahi da ya gaje shi ya ci gaba a kai, kuma hukumar ta sha cewa tantancewar ta ceto wa gwamnati biliyoyin naira. Tambayoyin da ake yi a wannan teburi masu ma'ana ne. Shin ana bukatar kayan? Babu wata hukuma da ta riga ta mallaki irinsa? Me ya sa za ku gina rumbun adana bayanai naku alhali ga Galaxy Backbone, kamfanin da gwamnati ta kafa a 2006 don ma'aikatu su riƙa amfani da shi tare? An duba na cikin gida kuwa, kamar yadda umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya tanada?

To, da wannan ƙofofin duka, ta ina ɓera ke shiga?

Hanya ta farko tsohuwa ce: a yanka sayayya gunduwa-gunduwa. Maimakon kwamfuta ɗari biyu a kwangila ɗaya wadda za ta kai gaban BPP, sai a raba ta gida goma, kowace ta tsaya ƙasa da adadin da shugaban hukuma zai iya sa wa hannu shi kaɗai. Dokar ta san wannan dabara, sashe na 58 ya mai da ita laifi, kuma jami'in da aka samu da laifi zai sha ɗaurin aƙalla shekara biyar ba zaɓin tara, a kuma kore shi daga aiki. Sai dai gano ta na bukatar wanda zai zauna ya jera ƙananan kwangiloli ya ga ashe uwa ɗaya ta haife su. Hanya ta biyu ita ce rubuta siffofin kayan ta yadda ɗan kwangila guda ne kawai zai dace, kamar tela ya auna mutum sannan a ce ana neman wanda rigar za ta yi wa daidai.

Amma a ganina babban ramin ba nan yake ba. Duk waɗannan ƙofofi suna gaban sayayya ne. Bayan an sauke kaya, mai kula da sito ya sa hannu ya karɓa, an biya ɗan kwangila, kusan kowa ya tashi daga kan maganar. Ita kuwa kwamfuta ba tebur ba ce da za a ajiye ya shekara ashirin. Tana son wuta tsayayya, da lasisin manhaja da ake sabuntawa, da intanet, da wanda ya iya gyara, da ma'aikacin da aka koya wa aiki da ita. Firinta ba tawada kwali ne kawai mai nauyi. Kuɗin sayen na'ura yana fitowa daga kason manyan ayyuka, na man janareto da gyara kuma daga kason gudanarwa na yau da kullum, wanda shi ne ke fara ƙafewa. Shi ya sa za ka ga ofis da sababbin kwamfutoci a kwali, alhali na'urar yatsa guda ɗaya da layin mutane ya dogara da ita ta mutu, gyaranta kuma bai kai kuɗin biyu daga cikin na kwalin ba. Sayen sabo kwangila ne, gyara kuwa ba wanda ke samun komai a ciki. Odita janar na tarayya yakan zo daga baya, amma rahotonsa yana fitowa ne bayan shekaru, lokacin garantin kayan ya daɗe da ƙarewa.

A nan Jidda ma an san ɗacin kwangilar da ba a bi bayanta ba. Gwaggo ba ta manta ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009 ba, wadda ta zo daidai da fara aikin hajji, ta ci rayukan mutum fiye da 100, ta yi kaca-kaca da unguwar Guwaiza, ta kuma lalata kayan ɗakunan bincike a Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Sarki Abdullah ya sa a yi bincike, wanda ya taɓo kwangilolin magudanan ruwa da filayen da aka raba a kan hanyar ruwa, daga baya kotu ta ɗaure wasu jami'ai da 'yan kasuwa. A 2011 aka kafa hukumar yaƙi da rashawa ta Nazaha. A 2018 ma'aikatar kuɗi ta buɗe dandalin Etimad, inda ake tallata kwangilolin gwamnati, a karɓi tayin 'yan kwangila, a kuma bi biyan kuɗi, duk a wuri ɗaya. Sabuwar dokar kwangila ta fara aiki a ƙarshen 2019, sannan a 2021 aka kafa hukuma ta musamman mai lura da ayyukan fasaha na gwamnati.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarin nasu ƙarami ne. Kayan da kowace hukuma ke bukata, irin su kwamfuta da kayan ofis, gwamnati na ƙulla yarjejeniya guda da masu kawowa, a tsayar da farashi, sai hukumomi su shiga kasuwar da ke cikin Etimad su zaɓa. Darakta ba ya zama da ɗan kwangila su yi ciniki a kan kwamfutar da kowa ya san kuɗinta a kanti. Ba na cewa zukatan jami'an nan sun fi na namu tsarki, don har yanzu Nazaha na yawan sanar da kama ma'aikata. An dai rage wuraren da mutum ɗaya zai yanke hukunci ba mai kallonsa. Da BPP da NITDA za su yi haka a kan kwamfuta da firinta kawai, su kuma sa gyaran shekara uku a cikin farashin, da rabin surutun ya mutu.

Mu ma akwai abin da muke da shi a hannu, kuma ba sai mutum yana Abuja ba. Tun Disamban 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin baitulmali na intanet, inda aka wajabta wa ma'aikatu bayyana duk biyan da ya kai naira miliyan 5. BPP na da nata shafin kwangiloli mai suna NOCOPO. Ƙungiyar BudgIT na warware kasafin kuɗi yadda kowa zai gane, ƙungiyar PPDC kuma na da dandalin Budeshi, wanda sunansa Hausa ne tsantsa: buɗe shi. Bayanan ba sa cika, wasu hukumomin ba sa sakawa a kan lokaci, amma wanda ya yi haƙuri yakan ga abin mamaki, musamman idan ya ɗora kasafin bana a kan na bara ya ga sayen kwamfuta na dawowa kowace shekara a ofis ɗaya. Ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa tambayar da aka aika mata a rubuce. Wasiƙar ba ta bukatar lauya. Kwamfuta nawa kuka saya bara, a wurin wa, a kan nawa, kuma nawa ke aiki yau?

Da na gama wannan bayani, maƙwabciyar gwaggo ta tura mini wayarta. Ashe ta ɗauki hoton kwalayen ranar da haushi ya ishe ta, har ana iya karanta lambobin da ke jikinsu. Mun rubuta wasiƙar a daren, muka tura wa ɗanta da ke gida ya kai da hannu ya karɓo shaidar an karɓa. Gwaggo tana zuba mana shayi ta ce, "Kwana bakwai kika ce ko? To ni zan riƙa ƙirga muku."