Hasken Da Murjani Ke Bukata Da Duhun Da Ya Rufe Kogin Challawa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sha'awar kiwon murjani mai rai a cikin akwatin gilashi. Sukan zuba ruwan gishiri, su daidaita ɗuminsa wajen digiri 25, amma abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne fitilar da za a rataya a bisa akwatin.

Dalili kuwa shi ne, murjanin da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku dabba ce, kuma a cikin naman jikinta akwai wata gansakuka wadda ido ba ya gani, ita ce ke sarrafa hasken rana ta samar wa dabbar mafi yawan abincinta. Shi kuwa ruwa yakan shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa can ƙasa. Saboda haka masu kiwo sukan zaɓi fitila mai rinjayen shuɗi, watau mai lamba 10,000 zuwa 20,000 a ma'aunin Kelvin, su kunna ta awa 8 zuwa 12 kowace rana. Fitilun da aka yi yayi da can suna zafafa ruwa, suna cin wuta, shi ya sa akasarin masu kiwo suka koma ga LED. In haske ya gaza, murjani ya daina girma. In kuwa aka ɗora masa mai ƙarfi farat ɗaya, sai ya kori gansakukar, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi. Jan murjanin Bahar Rum da fatake suka riƙa ketowa Sahara da shi zuwa Kano, shi dabam ne, don a wurare masu duhu yake rayuwa.

Kano ba ta da teku, amma wannan ka'ida tana aiki a kogunanta. Ruwan da ke fitowa daga majemu da masana'antun rini na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, inda na unguwar masana'antu ta Challawa ma ke zuba. Na Bompai kuwa yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, har madatsar Wasai. An fi maganar gubar kuromiyam da ake jima da ita, kuma ta cancanci a yi maganarta, tunda da wannan ruwa manoman rani ke ban ruwan alayyafo da latas. Amma launin ma kansa ɓarna ne. Ruwan da ya rine ba ya barin rana ta ratsa shi, tsiron cikinsa sai ya kasa fitar da iskar da kifi ke shaƙa, alhali kuwa tarkacen fata da gashi da ke ruɓewa a ciki suna cinye 'yar wadda ta rage. Masunta su ne farkon waɗanda ke ji a jikinsu.

Doka kam akwai ta. An kafa hukumar FEPA a 1988, bayan gubar da aka jibge a garin Koko. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin tace ruwan masana'antu kafin a sake shi, sa'an nan a 2007 aka kafa NESREA.

Auna hasken ma ba ya bukatar kayan tsada. Tun 1865 wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fito da dabarar: farin faifai ne ake ɗaurawa a igiya, a zura shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, sai a auna tsawon igiyar da ta nutse. Duk wani ɗalibin sakandare a Panshekara zai iya gwadawa a sama da inda magudanar masana'antu ke zuba, ya sake gwadawa a ƙasa da ita.