Fankoki Biyu na Murhun Ƙwayar Katako

A ƙasashen da hunturu ke daskarar da ruwa, musamman Italiya, wadda ke kan gaba a Turai wajen yawan gidajen da suka rungumi wannan hanya, ana ɗumama ɗaki da wani murhu mai aiki da lantarki wanda makamashinsa ƙwayar katako ce, wato garin katako da aka busar aka matse har ya zama 'yan gutsattsari masu kaurin milimita 6, waɗanda danshinsu bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Wani murɗaɗɗen ƙarfe ne ke juyawa yana ɗebo ƙwayar daga ma'ajiya yana zuba ta kaɗan-kaɗan cikin kaskon wuta. Abin da ya fi rikita masu gida shi ne murhun fanka biyu gare shi, alhali madannin da ke ɗauke da hoton fanka yawanci ɗaya kawai yake sarrafawa.

Ta farko ita ce fankar wuta, wadda ke yin aikin zugazugin maƙeri, sai dai a yawancin murahun ba hurawa take yi ba, zuƙa take yi: tana zaune a gindin bututun hayaƙi, tana janyo iska ta hudojin kasko, sannan ta tura hayaƙin waje. Hikimar hakan ita ce, ko da ƙofa tana da 'yar kafa, iskar ɗaki ce za ta shiga, ba hayaƙi ne zai fito ba. Saurinta dole ya tafi da yawan ƙwayar da ke zuba, shi ya sa ƙwaƙwalwar murhun ce ke riƙe da shi, kuma ma'aikacin da ya kafa murhun ne ke daidaita shi gwargwadon tsawon bututu. Harshen wuta kan nuna ko lissafin ya yi daidai: idan ya yi tsawo, ya yi ja, yana lilo a kasalance, gilashin ƙofa ya yi baƙi, ƙwaya kuma ta taru ba ta cinye ba, to iska ta yi kaɗan, kuma sau da yawa toka ce ta toshe hudoji, ba fankar ce ta gaza ba; idan kuwa ya gajarce, ya yi haske yana huci, garwashi na tsalle daga kasko, iska ta yi yawa.

Ta biyu, fankar ɗaki, ba ruwanta da wuta. Iskar ɗaki take bi da ita ta jikin ƙarafan da suka ɗau zafi ta mayar da ita da ɗumi, kuma ba ta tashi sai na'urar auna zafi ta tabbatar ƙarfen ya yi zafi, don haka shirunta a mintocin farko ba lalacewa ba ne. Mutane kan rage ta da dare saboda ƙara, suna zaton sun rage cin makamashi, alhali ƙwayar da ke ƙonewa ba ta ragu ba. Zafin ne kawai ke sulalewa ta bututu, ko ya taru a jikin murhun har na'urar kariya ta tsayar da zubar ƙwaya. Mai son rage zafi matakin wuta ya kamata ya sauke, wanda galibi daga 1 zuwa 5 ne.

Bayan an kashe murhu, fankokin kan ci gaba da juyawa har ragowar ƙwayar ta cinye, ƙarfe kuma ya huce, saboda haka zare wayar daga bango don a gaggauta kashewa ganganci ne, domin garwashi na nan da rai kuma babu mai fitar da hayaƙinsa. Haka abin yake idan lantarki ya ɗauke ana tsakiyar aiki, shi ya sa ake son bututun ya miƙe sama yadda hayaƙi zai hau da kansa, a kuma kafa na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid, mai kisa ba tare da wari ba, ta taru a ɗaki.